Ɗana ya shiga Legon karatun kwamfuta, me ya haɗa shi da darasin rubutu da nazarin Afirka?

Tambaya daga wani uba a Nima, wata unguwa a Accra: "Ɗana ya gama sakandare a fannin kimiyya, ya samu gurbin karanta kimiyyar kwamfuta a Legon. Da ya nuna mini darussan da ya yi rajista sai na ga har da koyon rubutu da wani darasi wai na tunani, kuma ya ce a shekara ta biyu akwai nazarin Afirka. Shi kansa ya ce ɓata lokaci ne. Ga ƙanwarsa kuma tana son karanta tarihi da Larabci, 'yan'uwa suna cewa wannan karatun zaman kashe wando ne. Ni da nake biyan kuɗin nan da guminna, mene ne amfaninsa?"

Alhaji, Allah ya saka da alheri, ya raya zuri'a. Amsar a taƙaice ita ce ba ɓata lokaci ba ne, amma yana iya zama ɓata lokaci idan yaron ya yi waɗannan darussa yadda ɗalibai da yawa suke yin su. Tambayarka kuma biyu ce a haɗe. Ta yaron daban, ta yarinyar daban, kuma ta yarinyar ta fi buƙatar a yi hattara.

Darussan da ka gani a takardarsa su ne Jami'ar Ghana da ke Legon take kira UGRC, wato darussan da ta wajabta wa kowane ɗalibin digirin farko ko mene ne fanninsa. UGRC 110 shi ne kashi na farko na rubutun ilimi, UGRC 210 kashi na biyu a shekara ta biyu. UGRC 150 shi ne darasin auna hujja da tunani mai tsari. Nazarin Afirka yana zuwa a shekara ta biyu. Ɗalibin fannin adabi da zamantakewa ana ƙara masa darasin sarrafa lissafi, UGRC 120, da wani kan kimiyya da fasaha a rayuwar yau da kullum, shi kuma ɗalibin kimiyya ana tura shi ɗaya ɓangaren, ya koyi yadda al'ummomin ɗan Adam suke gudana. A Kumasi ma, a KNUST, duk da jami'ar kimiyya da fasaha ce, ɗalibin shekarar farko yana yin darasin ƙwarewar sadarwa, ENGL 157 da ENGL 158.

Abu na farko da ya kamata yaron ya sani tun kafin a zo maganar amfani: ba a ba da digiri sai an ci waɗannan darussa, kuma makinsu yana shiga lissafin sakamakonsa kamar na kowane darasi. Kowanne kiredit 3 ne, wato ma'aunin nauyin darasi a lissafin sakamako. A Legon, A tana farawa daga kashi 80 kuma tana da maki 4.0, D kuma daga 50 zuwa 54 tana da maki 1.0. Digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga 3.60, mai daraja ta biyu ta sama daga 3.00. A lissafin ƙarshe, shekara ta farko da ta biyu kowacce tana da kaso ɗaya cikin shida, ta uku da ta huɗu kowacce kaso biyu. To, a ce yaron yana ɗaukar kiredit 18 a kowace simesta, sai ya raina darasi ɗaya ya samu D a inda zai iya samun A. Sakamakon shekarar ya ragu da 0.25, na ƙarshe kuma da kusan 0.04. Idan darussa biyu ya yi wa haka, wanda zai fita da 3.62 ya koma 3.54, ya sauko daga daraja ta ɗaya saboda darussan da ya ce ba nasa ba ne. Masu ba da tallafin karatun digiri na biyu kuwa wannan lambar suke fara dubawa.

Me ya sa jami'a ta tilasta su? Ka dubi yadda sakandarenmu ta saba tafiya. Yaro ɗan shekara 15 yana shiga aka raba shi: wannan kimiyya, wannan adabi, wannan kasuwanci, wannan tattalin gida. Ɗan kimiyya yakan fito da ƙyar yake rubuta shafi biyu masu ma'ana a jere, ɗan adabi kuma yana ganin alƙaluma gabansa ya faɗi. Jarrabawar kammala sakandare ta WASSCE ita ma ta fi saka wa mai hadda. Jami'a tana karɓar mutane masu rabin kayan aiki, sai ta yi ƙoƙarin cike musu ɗaya rabin.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu, Alhaji, kuma a nan nake so ka tsaya ka duba. Jami'o'in Turai na farko suna fara ɗalibi da fannoni bakwai kafin ya taɓa likitanci ko shari'a ko ilimin addini: nahawu, mantiƙi, balaga, sai lissafi, ilimin awon siffofi, ilimin sautin kiɗa da ilimin taurari. Ka shiga zauren duk wani babban malami a Nima ko Sabon Zango ko Aboabo, za ka tarar da irin wannan tsani. Ba a sakar wa almajiri tafsiri ko fatawa sai ya bi ta nahawu da sarfu da lugga da balaga da mantiƙi, kuma ba ya raba gado sai ya iya hisabi. Malamai suna kiran waɗannan ilmomin kayan aiki, domin ba su ne abin nema ba, amma ba a kaiwa ga abin nema sai da su. Wanda ya tsallake su ya faɗa wa fiƙihu kai tsaye, kowa ya san irin ɓarnar da yake yi a kan mumbari. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda aka haifa a Kano ya zauna a garin Salaga na arewacin Ghana ya rasu a 1934, malamin addini ne, amma ya rubuta littafin koyar da rubuta wasiƙa, ya rubuta tarihi, ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa kan zuwan Turawa da talauci da annobar mura ta 1918. Masu bincike har yau suna komawa ga rubuce-rubucensa domin ya ga zamaninsa da ido fiye da ɗaya. Abin da jami'a take nema ga ɗanka ke nan, da harshen zamani.

Yanzu bari mu zo kan abin da zai ɗauka a hannu.

Rubutu shi ne babba. Darasin ba na gyaran Turanci kaɗai ba ne. Ana koya wa ɗalibi ya faɗi matsayinsa a jimla ɗaya, ya ba kowane sakin layi magana ɗaya tak, ya kawo shaida, ya nuna inda ya samo ta, ya taƙaita maganar wani ba tare da ya sace ta ko ya murɗe ta ba. Mai aikin manhaja ba ya yini yana buga lambobin umarni kawai. Yana rubuta bayanin abin da mai aiki yake so a gina masa, yana rubuta rahoton matsalar da ta taso, yana aika saƙo ga abokin aiki da ke wata ƙasa wanda ba za su taɓa haɗuwa ba. Ka kwatanta saƙon da ya ce "manhajar ba ta aiki" da wanda ya ce "idan mai amfani ya tura kuɗi ta asusun waya na MoMo sai intanet ta yanke kafin amsa ta dawo, ana cire kuɗin amma ba a rubuta shi a asusunsa, kuma hakan yana faruwa a tsofaffin wayoyi kaɗai". Na biyun ya rage wa kamfani aikin kwana biyu. Masu rubuta irin na biyun su ake ɗagawa su shugabanci sauran, ko da akwai wanda ya fi su iya harhaɗa manhaja.

Darasin auna hujja kuma yana koya wa mutum ya raba iƙirari da dalilinsa, ya gane ko dalilin ya isa ya ɗauki nauyin iƙirarin. Saƙon murya ya zagaya a WhatsApp cewa wani ya sha wani haɗin magani kwana bakwai ciwon sukarinsa ya tafi. Wanda ya yi darasin da gaske zai tambaya: mutum nawa suka sha? Waɗanda suka sha ba su warke ba suna ina, wa ya ji ta bakinsu? An auna jininsa kafin da bayan? Ya canza abincinsa a lokacin? Mai maganar yana sayar da haɗin? Tambayoyi ne masu sauƙi, amma sai an horar da mutum yake yin su kafin zuciyarsa ta riga ta amince. Ga ɗalibin kwamfuta akwai ƙarin riba: mantiƙin "idan kaza to kaza", da "kuma", da "ko", shi ne ginshiƙin kowace manhaja. Ga ɗan Zango, wato unguwannin Hausawa da sauran Musulmi a biranen Ghana, kuma akwai wata: yaron da ya iya auna hujja ba ya saurin zama makami a hannun ɗan siyasa lokacin zaɓe.

Lissafin rayuwa ya fi shafar yarinyar, tunda ita za a ba UGRC 120. A ce an ba 'yar kasuwa bashin sidi 1,000 da ruwa kashi 5 a wata. Kunne yana jin biyar ya ɗauka kaɗan ne. Idan ruwan yana hawa kan ruwa, a ƙarshen shekara ana bin ta kusan sidi 1,796, wato kusan kashi 80. Ko a ɗauki Disamban 2022, lokacin da hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54.1. Wanda aka ƙara wa albashi da kashi 30 a irin wannan yanayi ya ga kuɗi sun ƙaru a hannu, alhali abin da kuɗin ke iya saya ya ragu da kusan kashi 16. Mutum zai iya riƙe digiri bai iya wannan lissafin ba, kuma a aljihunsa yake biya.

Nazarin Afirka shi ne wanda ɗaliban kimiyya suka fi rainawa, kuma ni ina ganin 'ya'yanmu na Zango sun fi kowa buƙatarsa. An kafa Cibiyar Nazarin Afirka a Legon a 1961, Kwame Nkrumah ya buɗe ta a hukumance a Oktoban 1963, da nufin kada ɗan ƙasa ya gama jami'a ya san tarihin Ingila bai san na garinsu ba. A cibiyar nan akwai tarin rubuce-rubucen Larabci da na ajami da aka tattaro daga gidajen malaman ƙasar nan, wato gadon kakannin ɗanka yana ajiye a harabar makarantar da yake zuwa kullum. Yaron da ya san yadda fataucin goro ya haɗa Kano da Salaga da Kumasi, ya san yaƙin basasar Salaga na 1892 da ya watsa 'yan kasuwa zuwa wasu garuruwa, ya san dokar korar baƙi ta 1969 da abin da ta yi wa zangogi, ba ya rikicewa idan wani ya tambaye shi asalinsa a wurin yin katin ɗan ƙasa. Yana da amsa mai tushe, kuma yana ba da ita cikin natsuwa.

Amfanin bai tsaya ga sanin kai ba, yana shiga aikin da kansa. Dubi babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi. Injiniya zai lissafa faɗinta da zurfinta da yawan ruwan da za ta ɗauka, lissafin ya fita daidai, amma damina ta zo ta cika da shara ta yi ambaliya. Dalilin ba ya cikin siminti. Yana cikin lungunan da motar kwasar shara ba ta shiga, da kuɗin da ake karɓa a wurin zubarwa, da gidan haya mai ɗaki goma sha biyu wanda ba a san wa ke da alhakin tsabtarsa ba, da sanin wa jama'a suke saurara, ɗan majalisar unguwa ne ko sarkin Zango ko liman. Haka mai gina manhajar adashi ga matan kasuwa: idan bai san cewa adashi yana tafiya ne a kan amana da kunyar ido ba, kuma da yawa cikin matan sun fi son saƙon murya da Hausa ko Twi a kan rubutu, zai gina abu mai kyau da ba wanda zai taɓa. Irin wannan sani daga ilimin zamantakewa da tarihi yake zuwa.

Sai dai gaskiya, Alhaji, ƙorafin ɗanka yana da tushe. A manyan jami'o'in gwamnati ɗalibai ɗaruruwa ne a ɗakin lacca ɗaya. Malami ba zai iya karanta rubutun kowa layi-layi ba, wasu jarrabawowin kuma na zaɓen amsa ne. Sai ɗalibi ya bar darasin har mako biyu kafin jarrabawa, ya nemo tambayoyin shekarun baya, waɗanda suke kira pasco, ya yi musu karatun aku, ya ci, ya manta. Yanzu kuma an samu manhajojin da ke rubuta wa mutum aikin gida. Wanda ya bi wannan hanya ya samu maki amma bai samu komai ba, domin rubutu da tunani kamar tuƙin mota suke, ba a koyon su daga kujerar fasinja.

Ga abin da zan ce yaron ya yi. Kada ya rasa tutoriyal, wato ƙananan azuzuwan da mataimakan malamai ke jagoranta, domin a nan ne kaɗai zai yi magana a ji shi a gyara masa. Duk aikin rubutu da aka ba shi ya yi shi sau biyu: ya rubuta na farko da kansa, ya ajiye kwana ɗaya ko biyu, ya karanta da babbar murya, ya yanke duk jimlar da ba ta ƙara komai ba. Idan aka dawo masa da aiki, kada ya tsaya a kan makin, ya je ofishin malamin a lokacin ganin ɗalibai ya tambayi abu ɗaya da zai gyara. Ofisoshin nan sau da yawa ba kowa a bakinsu. Ya haɗa kai da abokai uku ko huɗu waɗanda ba 'yan fanninsa ba, su riƙa musayar rubutu suna sukar na juna. Kowace simesta ya ɗauko littafi ɗaya cikakke daga Balme, babban ɗakin karatu na jami'ar, wanda ba na kwamfuta ba, ya karanta daga farko zuwa ƙarshe, ko da shafi 15 ne a rana, sannan ya rubuta shafi ɗaya kan abin da marubucin ke iƙirari da inda bai gamsu ba. Manhajar rubutu kuma ya bar ta sai bayan ya gama nasa, ya tambaye ta inda hujjarsa ta yi rauni. Idan ita ta fara rubutawa, shi ne aka bari a baya, ga kuma haɗarin hukuncin satar rubutu.

Za ka ji ana maganar Jami'ar Ashesi da ke Berekuso, wadda Patrick Awuah ya kafa a 2002 bayan ya bar aiki a Microsoft. Ita gaba ɗaya a kan wannan tsari aka gina ta: ɗalibin injiniya da na kasuwanci da na kwamfuta duka suna bi ta darussan rubutu da lissafi da shugabanci da ɗa'a, a ƙananan azuzuwa, kuma tun 2008 ɗalibanta suka ɗauki alkawarin rubuta jarrabawa ba mai gadi. Kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin gidajenmu sai da tallafi. Amma abin da take sayarwa da tsada, wato yawan rubutu da yawan gyara da yawan muhawara, ɗalibin Legon mai himma zai iya haɗa wa kansa babban kaso daga ciki ta hanyar da na faɗa.

Sai maganar yarinyar. 'Yan'uwa ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba. Digirin tarihi shi kaɗai ba ya buɗe ƙofar aiki kai tsaye kamar na jinya ko na haɗa magunguna, kuma bayan shekarar bautar ƙasa masu irin wannan digiri da yawa suna daɗewa a gida. Wanda ya ce maka ba haka ba ne bai faɗa maka gaskiya ba. Amma abin da ke raba wadda ta samu hanya da wadda ta zauna yawanci shi ne yadda aka haɗa darussan da abin da aka ƙara a gefe.

A Legon, ɗalibar digirin adabi tana fara shekarar farko da fannoni uku, ta ajiye ɗaya a shekara ta biyu, sannan daga ta uku ta zurfafa a ɗaya ko ta haɗa biyu. Jami'ar ce ke tsara haɗin fannonin, don haka ta zauna ta karanta jerin kafin ta cike fom, kada ta bar wa mai shagon intanet ya zaɓa mata. Shawarata ita ce a cikin ukun a samu aƙalla ɗaya da kasuwa ke nema a fili, kamar tattalin arziki ko Faransanci ko nazarin sarrafa bayanai. Larabci, idan ta riga ta yi nisa a makaranta, jari ne da 'yan ajinta ba su da shi, amma ta sani Larabcin jami'a ya haɗa da na jarida da na ofis, ba na littattafan addini kaɗai ba. Ghana tana kewaye da ƙasashe uku masu Faransanci, Kodebuwa da Burkina Faso da Togo, sakatariyar yankin ciniki maras shinge na Afirka kuma a Accra take. Yarinya mai Turanci da Larabci da Faransanci da Hausa, wadda ta iya rubuta rahoto mai tsabta, ba ta cikin layin da sauran suke bi.

Ta kuma san inda hanyar ke ɓullewa tun yanzu. Idan shari'a take so, akwai digirin lauya da ake shiga bayan digirin farko na kowane fanni, kuma sakamako mai ƙarfi ake nema. Zangogi suna da ƙishirwar lauyoyi mata da suka san fiƙihun gado kuma suka san dokar gado ta 1985, PNDCL 111, wadda ke aiki a kan dukiyar wanda ya rasu bai bar wasiyya ba ko mene ne addininsa. Gidaje da yawa ba sa jin labarinta sai rigima ta kai kotu. Idan koyarwa take so, za ta buƙaci difloma ta ilimin koyarwa da lasisin malamai. Kowace hanya ta zaɓa, kada dogon hutu ya wuce ba ta yi aikin koyon sana'a a wata ma'aikata ko gidan rediyo ko ƙungiya ba, kuma kafin shekara ta uku ta iya Excel sosai, ta iya tsara tambayoyin bincike da fitar da ma'ana daga amsoshin.

Idan halin gida ya matsa har ana buƙatar ta fara kawo kuɗi da zarar ta gama, to a faɗa mata haka a fili, a duba kwalejin horar da malamai ko ta jinya, ta ci gaba da tarihi daga baya. Wannan ba abin kunya ba ne. Abin da ba na so shi ne a tura ta fannin da ba ta iya ba don sunansa kawai, ta fito da sakamako mai rauni, ta rasa nan ta rasa can.

Kai kuma, Alhaji, akwai gwajin da za ka iya yi ko ba ka karanta Turancin jami'a. Idan yaron ya zo hutu, ka ce ya ɗauko rubutu ɗaya da ya yi a UGRC 110 ya bayyana maka da Hausa cikin minti biyar: me yake iƙirari, mene ne hujjarsa, me mai adawa da shi zai ce. Sannan ka nemi ganin takardar da malamin ya yi wa gyara, da wadda ya sake rubutawa bayan gyaran. Idan ta biyun babu, daga nan za ku fara a simesta mai zuwa.